Rariyar Tsahara

Salamu alaikum 'yan gurup, ƙawayena da masu leƙe ba su magana, duk ina gaishe ku. Balki ce. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wata na cewa ko an kawo gaisuwar iyaye ne an ƙwace mini waya. Ku kwantar da hankalinku. Goro dai an kawo gidanmu, amma ba nawa ba ne, kuma in kunka ji dalilinshi ba mai yin guɗa.

Yayana Haruna ya samu aiki a buron filaye, wato ofishin filaye, na wata komin, ƙaramar hukuma ke nan, can wajen Illela, shi zai riƙa duba inda za a yi gini da inda ba za a yi ba. Gobe zai tafi. Innarmu ba ta iya rubutu ba, sai ta zaunar da ni, tana faɗi ina dannawa. Na ce Inna ga shi nan cikin gida, ki kira shi mana. Ta ce akwai maganar da ba ta iya yi tana kallon idonshi. Da munka gama ta ce in sa inda mutane za su gani. Lakwal ɗina, karatun boko nike nufi, bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Ga ta.

Da sunan Allah. Zuwa ga ɗana Haruna.

Gaisuwa mai yawa. Allah shi kai ka lafiya, shi tsare ka da sharrin hanya da na baki, shi sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Ba ni da sabon labari, tukunya guda muke ci. Abin da nike da shi ya girme ka, kuma so nike in sauke shi gabanka tun ba ka zauna kujerar nan ba.

Shekarun fari munka baro Bazaga ni da babanku, Allah shi jiƙanshi, da jaki guda da amalanke. Gero ya ƙi, awaki sun ƙare. A Konni shina ɗaukar kaya daga tasha zuwa kasuwa, muna raɓe a ɗakin aro, ko tari na yi sai matar gidan ta ji. Ni na matsa mishi da maganar gidan kanmu. Ni ce, ba shi ba, kada ka ɗora wa mamaci.

Mai unguwa ya nuna muna wani wuri can ƙarshen gidaje, inda gebe ke gangarowa daga tudu shi faɗa kududdufi. Gebe kam ka san hanyar ruwa ce, amma a lokacin rairayi ne zalla, amalanke na bi, yara na tsere ciki. Abin da ya fi yi mini daɗi, ga laka baƙa mai danƙo bakin ƙofa. Wasu sai sun yi hayar jaki an ɗebo musu ƙasar tubali, mu nan za mu tona nan za mu buga. Na ce wanga arziki har ina!

Gida guda ke kusa, tsohon gida a gefen geben, na Tsahara matar wani mahauci. Ita ta fara ba ni ruwan sha a wurin. Ita ta ba ni wuta, ta aro mini turmi, ta koya mini tuyar ƙosai irin ta birni.

Gini ya kai ƙugu sai ga ma'aikacin buro bisa ɗan babur da gwangwanin jan fenti. Ina dubawa na ga Abdu ne, ɗan Gwaggo Dije ta garinmu, wanda ya yi lakwal har ya zama Mushe, yadda muke kiran ma'aikacin gwamnati da faransanci.

Ya ce, "Hajo, ke ce nan?"

Na ce, "Ni ce, Abdu na Gwaggo. An zama Mushe an daina gaida talakawa."

Bai yi dariya ba. Ya duƙa ya ɗebi lakar ya murza. "Wa ya kawo muku wagga?"

"Allah."

"Allah ne. Amma wa ya aiko da ita? Ruwa ya aiko, Hajo. Ɗan aiken kuwa ya san gida, shina dawowa. Kun zauna bakin geben daidai inda shike zubawa."

Na riƙe ƙugu na ce, "Ruwan da munka gaji da roƙo har da juya riga bai zo ba, sai don ya ji Hajo ta aza tubali?"

Matan da ke taya ni ɗiban ruwa sunka fashe da dariya, har da tafi. Ya ce akwai fili bisa tudu, shi da kanshi zai tsaya a ba mu. Ka san amsar da na ba shi? Na ce can ya yi nisa da ruwa. Haruna, har yau in na tuna wagga magana sai abinci shi fita raina.

To ka ji ta farko. Za su yi maka dariya, kuma ba miyagu ba ne, mutane ne da sunka gaji da ɗakin aro. Kada dariyar ta sa ka ji kunyar abin da ka sani. Kada ka yanke wa wuri hukunci da rani, komai da rani tudu ne. Ka je da damina, ka tuɓe takalmi ka taka. In kuma ka ga ƙasar tubali kyauta bakin ƙofa, ka tambayi wanda ya kawo ta.

Ya zana jan kuros a bango, alamar a dakata, ya tafi. Ƙurar baburinshi ba ta kwanta ba na kwaɓa ƙasa na shafe. Ya dawo wani mako ya zana can sama. Na kifa turmin Tsahara na hau na sake shafewa. Ita tana riƙe mini turmin tana cewa, "Hajo ki sauko, ke da ciki, wanga ɗan boko zai sa ki haihu bisa bango." Muna dariya. Wallahi muna dariya.

Fenti ba aiki ba ne, ɗana. In ka shafa ja ka koma buro ka zauna ƙarƙashin fanka, yaɓe kawai ka ƙara wa mata.

Da ya zo na uku bai zo da fenti ba. Ya ce maganar ta kai ga kwamandan mai mulkin yankin, in ba mu tashi da kanmu ba za a zo da masu diga. Babanku ya ce, "Hajo, mu haƙura mu koma tudun." Na ce mishi kai dai ka ji da jakinka.

Nan ne na yi abin da ya sa nike wagga wasiƙa. Ban je buro ba, mi zan ce a buro? Ban je wurin mai unguwa ba. Na sayi goro fari da sabulu, na hau mota ranar kasuwa sai Bazaga, wurin uwarshi. Na faɗi gabanta ina kuka. Na ce ɗanki zai watsa ni waje da tsohon ciki, ni da munka sha rijiya guda da ke. Ban ce mata gebe ba, ban ce mata tudu ba. Na faɗi rabin da zai tafasa ta, na haɗiye rabin.

Tsohuwar nan ta ɗaura ɗankwali ta biyo ni har Konni. Ta shiga buron da sandarta, ga mutane cike, ga abokan aikinshi. Ya miƙe da sauri zai durƙusa. Ba ta bari ya gaishe ta ba. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Abdu, in ka taɓa gidan Hajo, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya ce, "Inna, ki bari in yi miki bayani."

Ta ce, "Bayanin da na biya maka lakwal ka koyo? Ka ji abin da na ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Wane ɗa ne zai ce wani abu bayan wannan? Da zan fita ya biyo ni har bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa. Ya ce, "Hajo, kin yi nasara. Abu guda nike roƙo. Tsakaninki da Tsahara ki bar lungu faɗin amalanke, ruwa shi samu inda zai bi zuwa kududdufi. Kuma rariyar da ke gindin bangonta, wadda ruwan gidanta ke fita ta ciki, kada ki toshe." Na ce na ji, har da rantsuwa.

Tun ran nan ban sake ganin baburinshi a unguwarmu ba. In aiki ya kawo shi gefen, sai shi zagaya ta wata hanya. Mutane kuwa ido gare su. Wanga shi buga tubali cikin geben, wancan shi cike bakin kududdufi da juji shi aza ɗaki. Kowa ka taɓa sai shi ce, "Ai an bar Hajo." Da wane baki zai hana su? Ni ina ganin gida guda na ƙwata, ashe unguwa guda na cire wa mai tsaro.

Ka riƙe wannan. Alfarma guda ba ta zama guda. Ranar da ka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ka sallami aikin duka, sauran zuwa buro ne kawai.

Shekaru sunka wuce, damina na zuwa sama sama, ɗan ruwan da ke bin lungun ko idon sawu ba ya kaiwa. Allah ya buɗa wa babanku, ya samo siminti na Malbaza wurin wani direba, munka ɗaure gindin gidanmu da dutse. Ni kuma na fara kiwo. Kullum na dubi lungun nan sai in ga fili na zaman banza. Na sa anka gina bakinshi da bayanshi, na zuba awaki. Don kada taki shi shiga gidan Tsahara, na cusa wa rariyarta dutse na liƙe da laka.

Ta leƙo ta bisa bango ta ce, "Hajo, rariyata fa?"

Na ce, "Haba ƙawa, ranar da ruwa ya zo ni zan buɗe miki da hannuna."

Ta ce, "To, Allah shi sa shi yi sallama."

Ba ta ƙara magana ba, saboda zaman tare. Ta bisa bangon nan muke miƙa wa juna gishiri da daddawa. Ɗiyarta Rabi kuwa gidanmu take wuni, tare da yayarku, wadda na yi ginin da cikinta, suke tuwon ƙasa, ni ke yi mata kitso.

Ruwan bai yi sallama ba. Da rana tsaka ya zo, ko ɗigo bai sauka kanmu ba, can bisa tudu hadarin ya zube. Ina wanke-wanke na ji ƙugi kamar babbar mota na tahowa, sai ihun yara. Na fito na ga geben ya cika ja wur, shina tafe da kara da itace da mushen tumaki. Ya daki gindin gidanmu, siminti ya ƙi. Ya nemi lungu, ya iske bango. Sai ya juya ya shiga ta ƙofar Tsahara. Shiga ya yi, ba mafita, rariya na liƙe. Na ce zan buɗe da hannuna. Haruna, wurin ya fi ƙarfin tsawona, ina jin awakina na kuka cikin ruwa ban iya kaiwa ba.

Su Tsahara sunka fito da rai, gidanmu sunka kwana. Da safe ruwa ya janye, rana ta fito tas, kowa na cewa alhamdulillahi ba a yi rashi ba. Mun manta ginin ƙasa ba ya faɗuwa lokacin da shike sha, sai ya ƙoshi. Da hantsi muna shanya tabarmi, Rabi ta zame ta koma ɗakinsu ɗauko 'yar tukunyarta ta wasa. Ba wanda ya gan ta. Ƙarar kawai munka ji.

Babanku na cikin waɗanda sunka tono ta. Kitson da na yi mata bai ko tsufa ba.

Gidaje da yawa sunka zube a unguwar cikin kwanakin nan. Namu bai ko tsage ba. Shi ne wanga da anka haife ka ciki, inda kake kwana yau.

Manya sunka zo dubawa, anka tambayi wanda ya bari anka yi gini cikin gebe. Anka kira Mushe Abdu. Da ya ce uwarshi, da ya ce Hajo, duk mutanen buro shaidu ne. Bai ce ba. Ya ce shi ne. Anka cire shi daga aikin. Na ji daga baya ya ƙetare iyaka shina yi wa wani ɗan kasuwa tsaron shago, ban sake sa shi a ido ba. Uwar da ta rantse da nono ba ta iya mayar mishi da kujera ba, ni da na kai goro ban iya ba.

Gwaggo Dije ta zo gaisuwar rasuwa. Ta zauna kusa da ni bisa tabarma, ta daɗe tana jan tasbaha. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Hajo, ba ki ce mini gebe ne ba." Ta ce, "Ni ma ban tambaya ba."

Tsahara kuwa ba ta taɓa ce mini ke ce ba. Duk mai gaisuwa ta ce haka Allah ya so. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Bayan sadakar arba'in mijinta ya ce ba shi iya zama, za su koma wajen danginshi a Tajaye. Kaya na bisa amalanken babanku sai ta dawo da wani abu cikin zane. Rariyata ce ta tankaɗe, wadda ta ara tun kafin ruwa. Ta wanke ta fes. Ta miƙo mini ta ce, "Ga rariyarki, Hajo. Ni ba ni riƙe wa mutane rariya."

Iyakar maganarta ke nan. Ta juya ta tafi. Rariyar na nan rataye ɗakina, kun sha tambayata mi ya sa ba ni amfani da ita ba ni kuma yar da ita.

Ranar babanku ya ɗauki diga ya rushe bangon lungun. Kana tuna lokacin da kana ƙarami ka tara duwatsu a lungun kana gina gareji, na doke ka har maƙwabta sunka ƙwace ka? Ka yafe mini. Ba kai nike duka ba.

Yanzu ga abin da ya taso. Shekaranjiya kawunka Sale ya zo, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, da goro da turmin atamfa, wai murna. Bai sha ruwa ba ya fara: shina son jera shaguna bakin geben da ke bayan kasuwar garin da za ka, tsohon ma'aikacin buron ya ƙi mishi, amma yanzu Allah ya kawo na gida. Ya ce, "Yaya, ba sai na je wurinshi ba. Ke za ki faɗa mishi. Yaro ba ya ƙetare maganar uwa." Na dubi goron nan, fari ne, irin wanda na kai Bazaga.

Ban iya ce mishi a'a ba, Haruna. Na ce sai na yi shawara. Ka ga halina ke nan. Na san kaina. Zai dawo, zai tuna mini goyon da na yi mishi, zai yi hawaye, bayanshi kuma wasu na tafe, 'yan garinmu, ƙawayen biki, matan da sunka taya ni wankan jegonka. Wata rana zan gaji. Wata rana wayarka za ta yi ƙara, ka ji muryata ina cewa ɗana ka duba zumunci, ka sa hannu.

Don haka nike gaba da kaina tun da hankalina. Ka ji, Balki da ke rubutawa shaida ce, duk wanda ya karanta shaida ne: nonon da ka sha na yafe maka shi, duniya da lahira, tun yau. Ba bashi ba ne, ba wanda zai karɓe shi a buronka, ko ni. A kan komai ka bi ni, aure ne, zumunci ne, sallah ce. A kan hanyar ruwa ba ka da uwa. In ka ji na kira ina roƙo, ko ina fushi, ko na dafa ƙirji, ka gaishe ni da kyau, ka tambayi ciwon ƙafata, ka kashe wayar. Albarkata na tare da kai a ƙin da ka yi mini.

Ka tausasa harshe ga masu ɗakin aro, ka nema musu tudu da gaske, kada ka kore su ka bar su a rana. Amma kada ka ji tausayin mai kuka gabanka ka manta da maƙwabcinshi da bai zo ba. Tsahara ba ta taɓa taka buro ba.

Allah shi tsare ka, shi tsare mutane da hannunka. Shi ba mu damina mai albarka, shi sa ta iske hanyarta buɗe. Shi jiƙan Rabi da babanku da Gwaggo Dije. In da rabon ka haɗu da wanda ya san inda Abdu shike, ka ce Hajo na neman gafara. Ka sauka lafiya.

Mahaifiyarka, Hajo.

To 'yan uwa, kun ji. Wallahi ni a gidan nan na girma ban san wannan ba, rariyar nan har na taɓa cewa Inna ta ba ni in shuka fulawa ciki. Da munka kai wurin Rabi sai da na aje wayar.

Yau da safe ta aike ni in mayar wa Kawu Sale goronshi da atamfarshi, shina masauki nan bayan tasha. Ya buɗe ledar ya ce, "Ke Balki, mi yayata ke nufi?" Na ce ta ce in gaya maka ƙofar da kake nema an gine ta, amma lungun ruwa na nan buɗe. Ya ce zai zo da kanshi. Da na faɗa wa Inna ta ce shi zo, yanzu ko ta yarda ba ta da abin sayarwa.

Haruna ya karanta. Ɗazu na gan shi ya ciro rariyar daga ƙusa ya sa cikin jakarshi, Inna na kallo ba ta hana ba.

Ku fa? A unguwarku akwai hanyar ruwan da anka gine, kowa ya sani ana shiru? Ko an taɓa bi ta wurin uwarku don a lanƙwasa ku? Ku faɗa mini a ƙasa, zan karanta wa Inna, ta ce tana son ta ji ko ita kaɗai ce.